Itacen ƙayar da ya rufe tuddan Ogaden ba tare da littattafan masana sun san da shi ba

A gabashin ƙasar Habasha, a yankin da ake kira Ogaden, akwai tuddai na dutsen farar ƙasa da suka miƙe tafiyar kwanaki a ƙafa. Idan rani ya kankama, ciyawa ta bushe, daji ya yi fari fat, sai wani ɗan itacen ƙaya mai ɓawo ruwan toka ya fitar da fure ruwan hoda. Makiyaya Somalawa sun daɗe suna ratsa wannan daji da raƙumansu da awakinsu. Amma har zuwa shekarar 2006, babu littafin ilimin tsirrai ko guda a duniya da ya ambaci wannan itace.

Wanda ya shigar da shi littafi shi ne Mats Thulin, malamin ilimin tsirrai a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin. Mutumin ba baƙo ba ne a wannan yanki na Afirka. Shi ya jagoranci rubuta kundin tsirran Somaliya mai juzu'i 4, wanda aka fara bugawa a 1993 aka kammala a 2006, da nau'o'in tsirrai fiye da 3,000 a ciki. Tun a 1983 ya wallafa littafi a kan tsirrai dangin wake na ƙasar Habasha, kuma shi ya rubuta babin wannan dangi a babban kundin tsirran Habasha a 1989. Wato mutumin da ya ƙididdige dangin kaf, shi ne ya isa Ogaden ya tarar da ɗaya daga cikinsu ya cika tuddai, alhali babu shi a cikin lissafinsa.

Ya ziyarci yankin a 2006 da 2007, ya ɗebo rassa da ganye da fure, ya gwada su da sauran ƙayoyin da aka sani, sannan ya bayyana shi a mujallar Nordic Journal of Botany da sunan Acacia fumosa. Kalmar ta biyu ta Latin ce, tana nufin abu mai launin hayaƙi, kuma ta dace da ɓawon itacen: ruwan toka ne, sumul, ba ya ɓarewa. Da wannan ɓawo da kuma launin furen aka bambanta shi da ɗan'uwansa na kusa, Acacia ochracea, wanda ke kudu maso yammacin Somaliya. Tsawonsa ba ya wuce mita 6, ganyensa na da gashi-gashi mai laushi.

Abin da ya girgiza masana shi ne faɗin ƙasar da ya mamaye. Thulin ya ƙiyasta aƙalla murabba'in kilomita 8,000, wato hekta 800,000. Mai karatu ya ɗauki tsawon hanyar Ƙonni zuwa Madawa, kusan kilomita 90, ya yi fili mai kusurwa huɗu da wannan tsawo a kowane gefe. To, kwatankwacin wannan fili ne, kuma a kan tuddansa wannan itace shi ne mafi rinjaye.

Kowace shekara masana na ba sababbin tsirrai sama da 2,000 suna. Galibinsu ƙanana ne, ko kuma ƴan tsiraru ne da suka maƙale a wani kwazazzabo ko gefen wani tsauni, shi ya sa ido bai kai kansu ba. Amma a ce itace ya fi mutum uku tsawo, ya rufe ƙasa mai wannan faɗi, kuma a shiga ƙarni na 21 ba a rubuta shi ba, wannan ba kasafai ake gani ba. Saboda haka ne a watan Afrilun 2009 David Mabberley na lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila ya yi sharhi a kai a mujallar Science, daga nan kuma kafofin labarai na duniya suka ɗauka.

Yaƙi ya rufe hanya

Dalilin wannan jinkiri ba ɓoyayye ba ne. Ogaden, wanda yau yake cikin jahar Somalawa ta Habasha mai babban birni a Jijiga, ya shafe shekaru da dama cikin tashin hankali. Habasha da Somaliya sun gwabza yaƙi a kansa a 1977 zuwa 1978. A 1984 aka kafa ƙungiyar ƴan tawaye ta ONLF, wadda ta yi ta fafatawa da sojojin gwamnati. A watan Afrilun 2007, cikin shekarar da Thulin ya koma yankin, mayaƙan ƙungiyar suka kai hari a wani sansanin neman man fetur a Abole, suka kashe mutane 74, ciki har da ƴan ƙasar Sin 9. Martanin sojoji ya ƙara toshe yankin ga ƴan jarida da ma'aikatan agaji, balle mai yawon tsinkar ganye. Sai a watan Oktoban 2018 ɓangarorin biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Asmara.

Akwai kuma wani dalili na sana'a. Masu tattara tsirrai sun fi fita bayan ruwa ya sauka, lokacin da yawancin tsirrai ke fure, domin fure da kwanson ƴaƴa su ne manyan shaidun da ake rarrabe nau'i da su. Itacen ƙaya da babu fure a kansa, daga nesa duk ɗaya yake da maƙwabcinsa, musamman ga wanda ke wucewa cikin mota yana sauri ya fita daga wuri mai haɗari. Shi kuwa wannan itace da rani yake fure. Manoman Maraɗi da Damagaram ba za su yi mamakin itace mai saɓa wa lokaci ba, tunda ga gawo nan a gonakinsu: ya kakkaɓe ganye da damina, ya yi kore shar da rani.

Kalmar "ganowa" ma tana son a tsaya a kanta. Makiyayin da ya tashi a waɗannan tuddai ya san itacen tun yana yaro, ya san ko akuya na cinsa, ya san ko icensa na ci da wuta. Abin da ya faru shi ne an shigar da shi rajistar da duniya ke aiki da ita. Irin haka ta faru a ƙasar Hausa. Wani likita ɗan Sikotland mai suna J. M. Dalziel, da ya yi aiki a arewacin Najeriya zamanin mulkin mallaka, ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi daga bakin Hausawa ya buga su a littafi a 1916. Yau itacen hano, wanda kakanninmu suka daɗe suna magani da ɓawonsa, sunan wannan likita yake ɗauke da shi a littattafan kimiyya: Boswellia dalzielii. Waɗanda suka nuna masa itacen kuwa, ba a rubuta sunayensu ba.

Me ke cikin dutsen farar ƙasa?

Irin dutsen da wannan itace ya zaɓa ba baƙo ba ne a Nijar. Shi ne ake haƙa a Malbaza, a jahar Tawa, a ƙona a yi siminti. Asalinsa ƙarƙashin teku ne: ɓawon ƙananan halittun ruwa da ya yi ta taruwa yana danƙarewa tsawon miliyoyin shekaru, kafin ruwan ya janye. Teku ya taɓa rufe gabashin Habasha da Somaliya, kamar yadda ya taɓa rufe Adar, shi ya sa ake tsintar burbushin halittun ruwa a duwatsun wuraren biyu.

Ga tsiro, zama a kan wannan dutse wahala ce. Ƙasar da ke samansa ba ta da kauri, wani wurin ma ba ta kai tafin hannu ba. Ruwan sama na narkar da dutsen sannu a hankali, yana buɗe tsaga da ramuka, don haka ko an yi ruwa mai yawa, nan da nan yake zurarewa ƙasa ya bar sama a bushe. Sannan yawan sinadarin farar ƙasar na ɗaure wasu abubuwan da tsiro ke buƙata, musamman ƙarfe da fosfat, ya zama suna nan cikin ƙasa amma saiwa ba ta iya jan su. Tsiron da bai saba ba sai ganyensa ya yi rawaya ya tsumbure. Wanda ya iya jurewa kuwa ya huta da kishiyoyi, domin kaɗan ne za su biyo shi can.

A irin wannan ƙasa mara ƙarfi dangin wake na da wata dabara. Da yawa daga cikinsu na da ƴan ƙullutu a saiwa, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna jawo sinadarin azot, wanda wasu ke kira nitirojin, daga iska suna mayar da shi abincin tsiro. Shi ne sinadarin da manomi ke biya da tsada a buhun takin ure. Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gujiya ya duba saiwar ya ga waɗannan ƙullutu. Dangin babba ne, nau'o'insa sun kai wajen 20,000, shi ne na uku a girma cikin tsirrai masu fure. A cikinsa ake samun wake da gujiya da waken suya, da baban rini, da kalgo da tsamiya da ɗorawa, da gawo da bagaruwa da daƙwara. Ba dukansu ke da ƙullutun ba, tsamiya alal misali ba ta da su, amma ƙayoyi irin su daƙwara da bagaruwa suna da su.

Abu na ƙarshe da ke sa irin waɗannan duwatsu haifar da tsirran da babu su a ko'ina shi ne rabuwa. Tudun farar ƙasa da yashi ko jar ƙasa ta kewaye tamkar tsibiri yake a tsakiyar ruwa. Tsiron da ya saba da shi ba ya iya tsallakawa zuwa wani tudun mai nisa, sai zuriyarsa ta yi ta auratayya a tsakaninta, tana sauyawa kaɗan-kaɗan, har ta zama nau'i na daban. Yankin ƙahon Afirka na da tsirrai wajen 5,000, kuma fiye da rabinsu ba a samun su a wani wuri a duniya. Itatuwan da ke ba da turaren lubban a arewacin Somaliya, ƴan'uwan hano ne, a jikin duwatsun farar ƙasa suke manne. Hatta itacen nan mai jan fure da ke ƙawata titunan Yamai, wanda ake kira flamboyant da Faransanci, shi ma dangin wake ne, kuma ya daɗe yana yawo a lambunan duniya ba a san mahaifarsa ba, sai a 1932 aka same shi a daji a yankin duwatsun farar ƙasa na yammacin Madagaska.

Yawa a wuri ɗaya

Mai karatu zai iya cewa itacen da ya rufe hekta 800,000 ba ya cikin wani haɗari. Ta fuskar adadi haka ne. Sai dai duk dukiyar a rumbu ɗaya take. Bagaruwa na nan daga Senegal har Indiya; idan fari ya kashe ta a wata ƙasa, tana nan a wata. Wannan kuwa, abin da ya sami tuddan Ogaden ya same shi baki ɗaya.

Kuma abubuwan da ke samun dazuzzukan yankin ba ƙanana ba ne. Daga ƙarshen 2020 zuwa ƙarshen 2022 damina biyar a jere ta gaza a ƙahon Afirka, miliyoyin dabbobi suka mutu. Makiyayin da ya rasa garkensa, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne gatari, kuma ƙayoyi su ne suka fi ba da gawayi mai kyau. A maƙwabciya Somaliya cinikin gawayi zuwa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ya yi ƙamari har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta fitar da shi a 2012, domin ƙungiyar Al-Shabaab na samun kuɗi da shi. Ga kuma iskar gas da ke kwance a ƙarƙashin Ogaden, a Calub da Hilala, wadda gwamnatocin Habasha suka daɗe suna son haƙowa. Zaman lafiyar da ya buɗe wa masu bincike hanya, shi ne kuma ke buɗe ta ga manyan motoci.

A kudu maso gabashin Asiya, inda duwatsun farar ƙasa ke tsaye ɗai-ɗai kamar rumbuna, an ga iyakar abin. A ƙasar Maleshiya akwai wani ɗan mitsitsin dodon-koɗi da ba a san shi a ko'ina ba sai a kan tudu ɗaya mai suna Bukit Panching. Masu haƙar dutse suka cinye tudun ƙurmus, aka kuma sanya halittar cikin jerin waɗanda suka ƙare a duniya. A kudancin Sin da Biyetnam har yanzu ana ta bayyana sababbin tsirrai daga irin waɗannan duwatsu, wasunsu ba su wuce tudu ɗaya ko biyu ba.

Ba sai an je nesa ba ma. A wannan yanki na Ogaden da tsakiyar Somaliya akwai wani ɗan kurmin itace dangin wake da Somalawa ke kira yicib, masana kuma Cordeauxia edulis. An ba shi wannan suna a Kew a 1907, don girmama wani hafsan Birtaniya mai suna Cordeaux da ya yi mulki a Somaliland. Yana tsirowa a jan yashi inda ruwan shekara bai taka kara ya karya ba, yana da doguwar saiwa mai nutsewa ƙasa, kuma ba ya zubar da ganye da rani. Ƴaƴansa manya ne, ana cinsu ɗanye ko a gasa ko a dafa, kuma sun sha ceton makiyaya a shekarun yunwa. Ganyensa na da wani jan rini, har ƙashin akuyar da ta yawaita cinsa kan sauya launi. Wannan itace da a da ya cika wurare, yau yana cikin jerin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu. Amfaninsa ne ya jawo masa: mutane na tsinke ƴaƴan tun ba su nuna ba, dabbobi na cinye ganyen da ƙananan tsiron, irin kuma ba ya jure ajiya, cikin ƴan watanni yake mutuwa. Wanda ya ga yadda ɗorawa ta ja baya a wasu gonakin kudancin Nijar, tsofaffi na faɗuwa babu ƙanana a bayansu, ya san wannan labari.

A nan ne amfanin rajistar yake. Tsiron da ba shi da suna a kimiyyance ba ya shiga jerin halittun da ke cikin haɗari, ba a ambatonsa a binciken da ake yi kafin a ba kamfani izinin haƙa, ba a ajiye irinsa a rumbunan iri. Rahoton da Kew ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa kashi 45 cikin 100 na tsirrai masu fure da aka sani na iya fuskantar barazanar ƙarewa, kuma cikin waɗanda ba a kai ga ba su suna ba, uku cikin huɗu ne ke cikin wannan hali.

Rigimar suna

Sunan da Thulin ya raɗa bai daɗe ba aka taɓa shi, kuma dalilin wata doguwar taƙaddama ce tsakanin masana. Bincike ya nuna cewa itatuwan da aka tara ƙarƙashin sunan Acacia ba zuriya ɗaya ba ce, dole a raba su. Tambayar ita ce wa zai riƙe tsohon sunan. Bisa ƙa'ida ta asali na Afirka ne ke da shi, tunda bagaruwa ce ma'aunin sunan. Amma Ostireliya na da nau'o'i kusan 1,000, masananta suka nemi a bar musu. Babban taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Biyana a 2005 ya amince, na Melbourne a 2011 ya tabbatar, duk da ƙorafin masana da dama daga Afirka da wasu sassan duniya. Ƙayoyin Afirka aka raba su gida biyu: su bagaruwa da kandili suka koma Vachellia, su daƙwara da sarƙaƙiya suka koma Senegalia. A wannan gida na biyu itacen Ogaden ya faɗa, yau ana rubuta shi Senegalia fumosa. Ke nan ɗan ɗaki ɗaya ne da daƙwarar da ake tsagar ƙaro a jikinta a Nijar da Cadi da Sudan.

Labarin na da abin da zai tuna wa Nijar. Babban kundin tsirran ƙasar da Peyre de Fabrègues da Lebrun suka wallafa ya fito ne tun 1976. An yi ayyuka bayansa a jami'o'in ƙasar, amma rashin tsaro ya sa wurare kamar gandun dajin W da sassan Tilaberi da Diffa sun yi wa mai bincike wuyar shiga, daidai yadda Ogaden ya kasance. Tuddan Adar kuwa, daga Keita zuwa Buza da Malbaza, suna da nasu dutsen farar ƙasar, kuma ana iya zuwa da yawansu.

Aikin kansa ba ya cin kuɗi mai yawa. Kayansa tsofaffin jaridu ne, da katako biyu, da igiya, da littafin rubutu. A yanko reshe mai ganye da fure ko kwanso, a shimfiɗa shi tsakanin jaridu, a matse, a riƙa sauya takardar har ya bushe. A rubuta ranar da wurin, da irin ƙasar, da launin fure da na ɓawo tun ba su dushe ba, da sunan da mutanen wurin ke kiransa da abin da suke yi da shi. Daga nan sai ɗakin ajiyar busassun tsirrai, inda za a gwada shi da waɗanda aka riga aka tara. Tudun da aka bi da damina kuma sai an sake komawa kansa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ya hana kowa fita.